Wa Ya Ƙirga Su? Bahasin Ilimin Yara Masu Buƙata ta Musamman a Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

 

Iyayenmu sarakuna da hakimai, malamanmu, shugabannin makarantu, sarakunan makafi da na guragu da wakilan kurame, iyayenmu mata da kuka baro hidimar gida kuka zo, da 'yan'uwa da suka yi sammako daga Shinkafi da Zurmi suka biyo hanyar da kowa ya san halin da take ciki, Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya.

An nemi in yi magana a kan ilimin yara masu buƙata ta musamman. Fagen yana da faɗi, don haka zan tsaya a gefe ɗaya, wato bahasi. Ina nufin gwamnati ta riƙa fitowa duk shekara ta gaya mana, da alƙaluma, abin da ta yi wa yaron nan kurma da ke Moriki, da makauniyar yarinyar da ke Badarawa, da gurgun da ke jan ƙafa zuwa makaranta a Kuryar Madaro. Tausayi dai akwai shi a ƙasar nan. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci babu mai musun haka. Abin da muke nema yau shi ne lissafi, domin ilimin yaran nan haƙƙi ne da doka ta ɗora wa hukuma, kuma duk wanda aka ɗora wa haƙƙi ana tambayarsa yadda ya sauke.

Bari mu fara da tambayar su wane ne yaran, don sau da yawa ana maganarsu kamar wasu 'yan tsiraru ne da ba su kai a buɗe musu shafi ba.

A ƙarshen 2016 cutar sanƙarau ta ɓarke a jihar nan ta Zamfara, ta bazu zuwa maƙwabta. Kafin ta lafa a tsakiyar 2017, an lissafa mutane fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Najeriya, fiye da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki. Waɗanda suka rasu an ƙirga su, Allah ya jiƙansu. To waɗanda suka tashi fa? Duk ma'aikacin lafiya ya san abin da sanƙarau ke bari a baya: kurumta, farfaɗiya, raunin fahimta. Yaron da ya kwanta yana ɗan shekara 3 a 2017 ya cika shekara 10 a 2024. Ya kamata a ce yanzu yana dab da gama firamare ko ya gama. Yana ina?

A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitocin MSF, tare da ma'aikatar lafiya, ta auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, ta tarar kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. Ɗaya cikin huɗu ke nan, har da ɗoriya. Tamowa a farkon rayuwa tana taɓa girman ƙwaƙwalwa, kuma wannan tabon yana bin yaro har aji. Ku haɗa da ƙyanda mai makantarwa, da shan inna na shekarun baya, da doguwar naƙuda a gida ba ungozoma mai horo. A kudu da mu akwai gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ta bar wasu da yawa da lahani. Sannan ga sabon abin da kakanninmu ba su sani ba, yaran da harsashi ya raba da hannu ko ƙafa, da waɗanda suka ga abin da ya ɗauke musu magana.

Hukumar UNICEF ta ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 a duniya suna da wata naƙasa, wato kimanin ɗaya cikin goma. Ƙasar da ta sha abin da muka sha ba za ta kasa wannan adadi ba. Amma ku shiga aji mai yara 60 a garuruwanmu ku tambayi malam masu buƙata ta musamman nawa gare shi, sau da yawa zai ce babu, ko ya nuna guda ɗaya mai sanda. Sauran suna gida a ƙuryar ɗaki, ko suna tasha da ƙoƙo, ko kuma suna cikin ajin zaune, ba wanda ya gane cewa ba sa ji.

Kada wani ya ce mana ƙirga su ba zai yiwu ba. Mu nan mun ga yadda hukuma ke ƙirga yara in ta ga dama. Ku tuna masu allurar shan inna. Mata biyu ko uku da akwatin ƙanƙara, gida gida, lungu lungu, har rugage. Su shiga, su tambayi uwa 'ya'ya nawa, su ɗiga wa yaro magani, su shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsa, su fito su rubuta da alli a jikin bango ko ƙyaure: ranar da aka zo, yara nawa ne, nawa aka samu. In yaro ya tafi unguwa, a sa alama a dawo. Da yamma a zauna a ofishin ƙaramar hukuma a tattara, mai unguwa yana nan, a ce gidan wane an ƙi, a tura hakimi. Da wannan naci aka kai ga ranar da aka ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020. Bangon da aka rubuta wa allin nan, a bayansa kurman yake zaune. Ma'aikaciyar ta gan shi, ta ɗiga masa magani. Ba a dai ba ta layin da za ta rubuta cewa ba ya ji ba.

Doka kuwa ba ta rage komai ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro, ta kuma ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A cikin wannan asusu akwai kashi 2 cikin 100 da aka keɓe wa ilimin masu buƙata ta musamman, ana tura wa jihohi ta hannun hukumominsu na ilimin bai-ɗaya. A 2010 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda sashe na 24 nata ya yi magana kan ilimi, sashe na 31 kuma ya ɗora wa gwamnati tattara ƙididdiga. A Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su karɓe su kuma su tanadi ma'aikaci mai horo, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-gine yadda mai keke zai shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. A takardar ƙidayar makarantu da hedimasta ke cikewa duk shekara ma akwai gurbin rubuta yara masu larurar gani, da ta ji, da ta gaɓoɓi, da ta fahimta.

Ga doka, ga kuɗi komai ƙanƙantarsu, ga takarda. Inda igiyar ta tsinke shi ne dawowar labari. Takarda ta tashi daga makaranta zuwa ofishin sakataren ilimi, daga nan zuwa Gusau, daga Gusau zuwa Abuja. Ba ta juyowa. Uban yaro a Dauran bai taɓa jin abin da aka rubuta game da makarantar garinsu ba, balle ya ce an yi daidai ko an yi kuskure. Hedimastan da ya san ba mai dubawa, kuma ba a taɓa koya masa yadda ake gane yaro mai raunin ji ba, sai ya ja layi a gurbin ya wuce. Ban ga laifinsa sosai ba. Ba a tambayarsa, kuma in ya rubuta ba abin da ke biyowa.

Abin da muke samu a madadin rahoto shi ne bikin rabon kaya. A kafa rumfa, a jera kekunan guragu, a kira 'yan jarida, a ce an raba kaza. Allah ya saka wa mai bayarwa, keke abin buƙata ne. Sai dai manomi ba a auna shi da yawan irin da ya zuba, ana tambayarsa dami nawa ya shiga rumbu. Keken nan, ya kai yaron makaranta? Da ya isa, ya samu hanyar hawa dakalin aji, ko sai da abokansa suka ɗaga shi? Akwai bayan gidan da zai iya shiga? Bayan wata shida da tayar ta fashe, wa ya gyara? Rahoton da ba ya amsa waɗannan, rahoton ɗan kwangila ne.

Zan kawo misali daga Amurka, ba don komai nasu ya dace da mu ba, sai don sun daɗe suna wannan gwagwarmaya kuma sun yi tuntuɓen da za mu iya kaucewa. Tun 1975 suke da dokar ilimin yara masu naƙasa. Da aka sabunta ta a 2004, an wajabta wa kowace jiha ta rubuta tsarin abin da za ta cimma, ta kuma miƙa rahoto duk shekara a kan ma'aunai fiye da goma sha biyar: nawa suka gama makaranta, nawa suka fice, yaya sakamakon jarrabawarsu, nawa ke zama aji ɗaya da sauran yara, ko an duba yaro cikin kwana 60 bayan iyaye sun amince, har da abin da iyayen suka ce game da makarantar. Gwamnatin tarayya ta duba ta sanya kowace jiha a ɗaya daga matakai huɗu, daga wadda ta cika sharaɗi zuwa wadda ke buƙatar a sa mata hannu sosai. Ita ma jihar dole ta wallafa sakamakon kowace gunduma a fili. Kuma nauyin nemo yaron yana kan hukuma, ba a jiran uwa ta kawo shi.

Ga tuntuɓen. A 2004 hukumar ilimi ta jihar Tekzas ta sanya ma'auni cewa gundumar da masu buƙata ta musamman suka haura kashi 8.5 cikin 100 na ɗalibanta za a rage mata maki. Sai gundumomi suka shiga ƙin duba yara don alƙalumansu su yi kyau. Adadin ya yi ta sauka, takarda tana kyau, dubban yara suna rasa taimako. Sai a 2016 wata jarida ta birnin Hustan ta tono maganar, a Janairun 2018 gwamnatin tarayya ta tabbatar jihar ta karya doka. Wannan ya isa ya nuna mana cewa alƙaluma ma ana iya yin zalunci da su. In aka ce za a hukunta makarantar da yaranta suka faɗi jarrabawa, hedimasta zai hana kurma shiga. In aka ce za a biya kuɗi kan kowane suna, sunayen bogi za su cika rajista. Saboda haka rahoton da muke nema dole ya zama wanda mutanen gari za su iya ƙaryatawa da idonsu.

Me zai ƙunsa? Na farko, a rarraba shi ƙaramar hukuma ƙaramar hukuma, mazaɓa mazaɓa. Jimillar jiha tana ɓoye mu. In an ce yara ɗari kaza suna makarantar musamman a Gusau, ina so in ji nawa ne daga Kware, nawa daga Kwashabawa, nawa daga Banga. A faɗi nawa aka gano, nawa aka sa a makaranta, maza nawa mata nawa, da irin larurarsu.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne zuwa da koyo, don nan ne ake yi mana rufa-rufa ba da gangan ba. Na taɓa zama a bayan wani aji huɗu. Akwai yarinya a benci na ƙarshe, littafinta tsaf, rubutunta ya fi na kowa kyau. Malam ya juya baya yana rubutu a allo yana bayani, ita kuma tana kwafa harafi harafi. Da aka kira suna, ta kusa da ita ta taɓa ta, ta ɗaga hannu, aka sa mata alamar ta zo. Na nuna mata kalma ɗaya cikin abin da ta rubuta, na yi mata alamar mene ne wannan. Ta dube ni, ta dubi littafin, ta yi murmushi. Shekara huɗu tana zana haruffa, ba ta san suna ɗauke da magana ba. A rajista yarinyar nan nasara ce: an sa ta, tana zuwa, ana ciyar da ita gaba. Da an zaunar da ita a gaba, malam ya riƙa fuskantarta, an samu mai maganar hannu ko sau biyu a mako, da labarin ya sauya. Don haka rahoto ya faɗi nawa ne cikin yaran nan ke iya karanta jimla, da baki ko da hannu ko da rubutun makafi, nawa suka haye zuwa ƙaramar sakandare, nawa suka zauna jarrabawar fita.

Wannan ya kawo mu ga malamai. Kwalejin horar da malaman ilimi na musamman tana Oyo tun 1977, Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano suna da sassan wannan fanni. A gaya mana malamai nawa masu wannan horo jihar ke biya albashi, kuma a wace makaranta kowanne yake tsaye. Wanda ya karanci koyar da makafi aka ajiye shi a ofis yana jera fayil, asara ce biyu. Akwai kuma wata matsala da sai na kusa ya sani. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu ta gado, wadda suke yi a kasuwa da gida, har an yi nazarinta a Kano an rubuta. Wadda ake koyarwa a makaranta kuwa ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Yaro ya je makaranta da ɗaya, malam ya tare shi da ɗaya, ya dawo gida uwarsa ba ta gane sabuwar. Makarantar da ke koya wa iyaye alamun nan ta cancanci a rubuta mata, wadda ba ta yi a san ba ta yi ba.

Sai kuɗi. Nawa aka sa a kasafi, nawa aka saki, nawa aka kashe, a kan me. Layi uku ne daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce labarin. Wannan ba baƙon abu ba ne ga gwamnatocin jihohi. Daga 2018, a ƙarƙashin shirin SFTAS na Bankin Duniya, jihohi sun koyi wallafa kasafinsu da rahoton kashe kuɗi na kowane wata uku a intanet, saboda tukuicin da aka riƙa ba wadda ta yi. Hannun da ya iya wancan zai iya ƙara shafi biyu saboda yaran nan.

Na san abin da ke ran wasu. Za a ce ana fama da ceton rai, ƙauyuka sun watse, makarantun masu ido da kunne ma a rufe suke, wa ke ta wannan? Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta tana cikinta. Bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021 an rufe makarantun kwana. Bayan sace ɗaliban makarantar garin Kaya a Satumban shekarar an rufe makarantu gaba ɗaya, aka katse layukan waya, ga kasuwannin mako ma an hana cin su a lokacin. Yaro mai lafiya da aka koro daga ƙauye zai iya shiga wata firamare a cikin Kaura ko Shinkafi ya ci gaba. Makaho da kurma fa, waɗanda hanyarsu ɗaya ce, makarantar kwana a Gusau? Wane uba ne a Zurmi zai ɗora 'yarsa makauniya a mota a wannan hanya sau shida a shekara? Idan an kawo hari, wa ke jin harbin farko, wa ke iya gudu? Rashin tsaro ya fi cin su, don haka su ya kamata a fara nema a cikin 'yan gudun hijira. Kuma shi ne babban dalilin da zai sa a buɗe aji na musamman, da malami ko biyu da kayan aiki, a cikin babbar firamare ta kowane ɗaya daga garuruwan nan uku, yaro ya yi karatu ya kwana a gaban iyayensa. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Nuwamban 2023, an shiga gyaran makarantu. Muna so a gaya mana, cikin azuzuwan da aka gyara, nawa ne aka yi wa gangaren hawa keke.

Wa zai tabbatar da alƙaluman? A nan muna da abin da Amurka ba ta da shi. Sarkin Makafi ya san makafin ƙasarsa gida gida, haka Sarkin Guragu, haka shugabannin kurame. Ga kwamitocin kula da makarantu na al'umma, ga ƙungiyoyin masu naƙasa, ga malamai da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Kaura tun 1983, waɗanda za su iya ɗaukar makarantu kaɗan duk shekara su je su gani ko abin da ke takarda yana ƙasa. Kada rahoto ya fita sai waɗannan sun duba sun sa hannu, in kuma sun ƙi, a buga dalilinsu a jikinsa. Sunayen yara su tsaya a hannun makaranta da asibiti, adadi kawai za a fitar, domin mun san akwai iyayen da ke ɓoye ɗa saboda gorin mutane ko tsoron kada a ƙi auren 'yan'uwansa. Malamanmu na addini, nan ne aikinku. Kun fi ni sanin matsayin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi aka saukar da sura saboda shi, ya zama ladani, har aka riƙa bar masa riƙon Madina. Huɗuba ɗaya a kan haka za ta buɗe ƙofofin da ma'aikacin gwamnati ba zai iya buɗewa ba.

Rahoton ya fito da Hausa, a karanta shi a rediyo, a manna shi a ofishin sakataren ilimi, a ba makafi nasu a murya ko a rubutunsu, a fassara wa kurame a taro. Ya fito kafin gwamna ya kai kasafin sabuwar shekara majalisa, don 'yan majalisarmu na Kaura da Shinkafi da Zurmi su riƙe shi a hannu ranar da kwamishinan ilimi da shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya za su zo kare kasafinsu.

Ba sai mun jira an ba mu ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani, ta ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Shawarata ita ce kafin mu watse a zaɓi mutum uku daga kowace ƙaramar hukuma, a cikinsu lallai akwai mai naƙasa da uwa, su rubuta takarda ɗaya zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kwafi ga sakatarorin ilimi uku. A nemi abu biyu kawai a karon farko: adadin yara masu buƙata ta musamman da ƙidayar makarantu ta bara ta nuna a kowace makaranta ta yankin nan, da yadda aka kashe kason ilimi na musamman da ya zo daga UBEC a shekara uku da suka wuce. A karɓi hatimin shaidar an miƙa, a rubuta ranar, a kawo mana amsar a zama na gaba.